An dakatar da lasisin ƙanina, inshorar motar ma ta ƙare: me doka za ta yi masa idan ya koma hanya?

Abban_Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani su taimaka min, musamman lauyoyin cikinmu. Ƙanina yana haya da ƙaramar mota tsakanin Kubwa da Berger. Kwanakin baya aka kama shi ya bi hannun da ba nasa ba saboda cunkoso, har ya kusa yin gaba da gaba da wata mota. Aka kai shi kotu, alƙali ya ci shi tara, ya kuma dakatar da lasisinsa na wata shida. Tara dai mun haɗa mun biya. To tun lokacin yana zaune a gida, abinci ya ƙare, matarsa ga tsohon ciki. Yanzu ya ce shi fa zai koma hanya, ya riƙa fita da asuba da bayan isha'i, lokacin da ma'aikata ba su cika tsayawa ba. Da na duba takardun motar kuma sai na ga inshorar ta ƙare tun bara. Motar da sunana take, ni na saya masa. In aka kama shi, tara ce kawai ko har da ɗauri? Ni kuma akwai abin da zai shafe ni?

Ɗan_Zuba: Wa'alaikumus salam. Yallaɓai kwantar da hankalinka. Je ka tsaya a bakin gadar Dutse da safe ka tambayi masu lodi, nawa ne a cikinsu ke da cikakkun takardu? In an kama shi dubu goma ce tarar lasisi, ya biya ya wuce. Yunwa ta fi tara zafi.

Direban_Jabi: Ɗan_Zuba ka haɗa abubuwa uku wuri ɗaya, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai wanda lasisinsa ya ƙare bai sabunta ba. Akwai wanda 'yan Rod Sefti suka karɓe katinsa suka ba shi takardar laifi, ya je banki ya biya ya dawo da rasit ya karɓi abinsa. Waɗannan biyun su ne ake maganar tara a kansu. Na ukun shi ne wanda alƙali ya buɗe baki ya ce kada ka sake riƙe sitiyari sai bayan wata kaza. Wannan in ya hau mota umarnin kotu ya take. Na tsufa a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, ban taɓa ganin alƙalin da ya ji daɗin ganin mutumin da ya hana tuƙi an sake kawo masa shi da makulli a hannu ba.

Ɗan_Zuba: Baba ai sai in an gane. Wa zai sani a kan hanya?

Direban_Jabi: Lambar lasisin tana cikin na'urarsu, ɗana. Kuma ko ba su duba ba, katin ma ba ya hannunsa, me zai nuna?

Barista_Amina: Wa'alaikumus salam Abban Khalifa. Bari in yi bayani a taƙaice yadda na fahimta, amma ka samu lauya ya ga takardar hukuncin da idonsa, domin abin da alƙali ya rubuta shi ne abin dogaro.

Naira 10,000 da Ɗan_Zuba ya ambata ita ce tarar laifin lasisi a jadawalin dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra (Rod Sefti) ta 2007. A jadawalin nan tuƙin ganganci naira 50,000 ne. Hukumar tana da tsarin maki kuma: kowane laifi da makinsa, daga 10 zuwa 14 gargaɗi ne, daga 15 zuwa 20 a dakatar da lasisi, daga 21 zuwa sama a janye shi. Amma na ƙaninka kotu ce ta dakatar, saboda haka in an kama shi ba a bakin titi maganar za ta ƙare ba. Za a gurfanar da shi a matsayin wanda aka taɓa yanke wa hukunci, kuma duk sassaucin da ake yi wa mai laifin farko ya riga ya ci nasa. Alƙali na iya ƙara tsawon dakatarwar, yana iya tura shi gidan yari.

Inshora kuma laifi ne daban mai zaman kansa. Dokar inshora ta 2003, sashe na 68, ta sa tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun, a kan hawa titi babu inshorar dole. Da ita 'yan sanda suka kafa hujja lokacin da suka fara kamen a faɗin ƙasa ranar 1 ga Fabrairun 2025. Tsohuwar dokar 1945 ma har ta tanadi a hana wanda aka samu da laifin riƙe lasisi na wata 12. A watan Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin waɗannan tsoffin, amma wajabcin yana nan daram.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. E, zai shafe ka. Laifin inshora bai tsaya a kan mai tuƙi kaɗai ba, ya haɗa da wanda ya ba da motar ko ya bari aka hau da ita titi babu inshora. Kai kuma ka san an hana shi tuƙi, ka san takardar ta mutu. In wani abu ya faru, lambar mota za a bi, sunanka za a gani.

Abban_Khalifa: Innalillahi. Na gode Barista. Wallahi ni a zatona tunda ba ni ke tuƙi ba babu ruwana.

Maman_Ilham: Kowa na ta maganar tara, ni bari in faɗa muku ɗaya ɓangaren, don na gan shi a gidana. Ɗan yayata da nake riƙo, yana aji biyar na sakandare, mota ta kwashe shi a hanyar Nyanya yana tsallaka titi da magariba. Cinyarsa ta karye gida biyu, sai da aka sa masa ƙarfe. Direban bai gudu ba, Allah ya saka masa, shi ya ɗauke shi zuwa asibiti. Amma da aka je caji ofis aka buɗe takardu, babu inshora. Mutumin ba shi da komai sai motar nan. Mahaifiyarsa ta zo mana har gida, tsohuwa, ta durƙusa a tsakar gida ta kwance bakin zaninta ta ciro kuɗi duk sun nannaɗe, ta ce abin da ta samu ke nan daga sayar da awakinta. Ko kuɗin hoton ƙashi da jinin da aka ƙara masa bai kai ba. Muka karɓa muna kuka tana kuka. Ragowar mu muka nemo, har ɗan kunnen gwal ɗina ya tafi. Rasit ɗin asibitin suna nan a cikin leda a ƙasan akwatina har yau. Yaron yana tafiya, amma da ɗingishi, ƙwallon da yake so ya bar ta.

Abban Khalifa, ba ina tsorata ka ba ne. Amma lokacin da ƙaninka ya zaɓa, asuba da dare, shi ne lokacin da ba a ganin mai tsallaka titi. Ka san yadda hanyar Kubwa take, ga gadar ƙafa amma mutane ta ƙasa suke bi da gudu.

Ummu_Sadiq: Allah ya ƙara masa lafiya Maman Ilham. Jikina ya yi sanyi.

Sarkin_Yaƙin_Karu: Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Amma mu faɗi gaskiya, ko da direban nan yana da inshorar, kamfanin zai biya? Ni tunda nake ban taɓa ganin wanda ya karɓi ko sisi daga wannan takardar ba. Haraji ce kawai aka sa mata wani suna.

Mai_Inshora_Wuse: Sarkin Yaƙi, wannan aikina ne, bari in amsa. Dalili biyu ne suka sa ba ka gani ba. Na farko, takardu da yawa da ke cikin motoci na bogi ne. Mutum ya ba ɗan tsakani kuɗi a bakin ofishin sabunta takardu, a haɗo masa komai a dunƙule, a buga masa takarda mai tambari wadda babu kamfanin da ya san da ita. Na biyu, masu ta gaskiyar ma ba su san ana nema ba. In aka yi karo sai a tsaya a titi a yi ta cacar baki, a ƙarshe a tafi wajen bakanike kowa ya zaro daga aljihunsa.

Tun 1 ga Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motar gida naira 15,000 a shekara daga 5,000, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rauni da rasa rai ba sa cikin wannan iyakar, lissafinsu daban ne. Abin da ba ta biya shi ne gyaran motarka kai kanka, wannan sai cikakkiyar inshora. Duk mai son ya san ko tasa ta gaske ce, ya danna *565*11# a wayarsa ya sa lambar motar. In an yi hatsari kuma a ɗauki hoto, a samu rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani da wuri. Kamfanin da ya ƙi biya ba da hujja ba ana kai ƙararsa NAICOM.

Sarkin_Yaƙin_Karu: To na danna. Tawa ta fito, da sunan kamfanin da ranar ƙarewa. Amma maganar biya sai na gani da idona tukuna.

Abban_Khalifa: Mai_Inshora, to in na je gobe na sabunta inshorar, aƙalla an rage rabin matsalar ko?

Mai_Inshora_Wuse: Ka sabunta, wajibi ne, amma ka kula da abu biyu. Motar haya ake yi da ita, saboda haka kada ka yanki ta motar gida don ta fi araha. Ranar biya za a tambayi aikin da motar ke yi lokacin hatsarin. Sannan ka karanta jikin takardar, wajen da aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa. Sharaɗin shi ne mai tuƙin yana da lasisi kuma ba a hana shi riƙe shi ba. Ƙaninka a yanzu bai cika wannan sharaɗin ba. In ya buge wani, ka ba kamfani hujjar ja da baya da hannunka, nauyin ya dawo kanku. Inshorar za ta yi aiki sosai ne idan wani mai lasisi ke tuƙin.

Malam_Na_Gwagwa: Ni tambayata daban ce, a yi min afuwa. Ita inshorar nan ta halatta ma kuwa? Mun taso muna jin malamai na cewa akwai garari (wato rashin tabbas) da kuɗin ruwa a cikinta.

Ɗalibin_Ilmi: Malam, gaskiya ne malamai da yawa sun yi magana a kan inshorar kasuwanci saboda abin da ka faɗa. Da yawansu kuma sun ce wadda hukuma ta tilasta, mutum ba shi da laifi in ya yi ta saboda lalura. Amma yanzu ma an huta da wannan, akwai takaful, tsarin taimakekeniya da aka gina a kan shari'a, kuma NAICOM ta ba su lasisi. Akwai Jaiz Takaful, akwai Noor Takaful, suna yin ta mota.

Abin da nake so mu tuna kuma, ko babu dokar gwamnati akwai haƙƙin rai. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi bayanin kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffara, wadda a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. Diyyar asalinta raƙuma ɗari ce. Wane direban haya ne zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai? Shi ya sa shari'a ta ɗora ta a kan dangi su taru su biya. Mutumin da hukuma ta ce masa tuƙinka akwai hatsari, dakata, ya ƙi, sannan ya taka wani, ina jin tsoron yadda zai kare kansa gaban Allah da cewa tsautsayi ne.

Ɗan_Zuba: Malam tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa. Mai lasisi ma yana buge mutum. Ku kuna magana ne cikinku a ƙoshe. Mace na gab da haihuwa, ba ko kwanon masara a gida, ku ce ya zauna wata shida? Wa zai ciyar da su, kotun?

Maman_Ilham: Ɗan_Zuba ba wanda ya raina yunwa a nan. Amma in aka ɗaure shi, ko motar ta tafi, wa zai ciyar da su ɗin?

Barista_Amina: A kan maganar Maman Ilham: jawo mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci a babbar hanyar tarayya ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 7. Bayan shari'ar laifi kuma iyalan wanda aka buge suna da damar shigar da ƙarar neman diyya daban, a haɗa direba da mai mota. Motar ma in aka kama ta aka ajiye, akwai kuɗin ajiya na kullum, kuma in ta wuce wata shida ba a karɓa ba, Hukumar Kiyaye Haɗurra na iya neman Babbar Kotu ta mallaka mata ita.

Ɗan_Gwarinpa: Ni na ji an ce kotu ta hana kama motoci a Abuja gaba ɗaya. Ba gaskiya ba ne?

Injiniya_Lugbe: Ba gaba ɗaya ba. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a nan Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke cewa 'yan VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, ba su da hurumin tsayar da mota a hanya, ko ƙwace ta, ko cin direba tara. Hukuncin a kan VIO yake. Bai taɓa 'yan sanda ba, bai taɓa Rod Sefti ba, su dokarsu daban ce. Mutane da yawa sun ji rabin labarin suka ɗauka an yafe takardu.

Ɗan_Gwarinpa: Na gode Injiniya. To ga wata shawara, me zai hana ya je Keffi ko Suleja ya yi sabon lasisi kawai? Jiha daban ce ai.

Direban_Jabi: Wannan zamanin ya wuce. Da can ne mutum ke riƙe lasisi uku a aljihu. Yanzu rumbun bayanan ɗaya ne a duk ƙasa, ana ɗaukar hoton yatsu, kuma sai da lambar NIN. Wanda zai ce maka zai yi maka ta bayan gida, katin bogi zai miƙa maka.

Barista_Amina: Don Allah kada a bi wannan shawarar. Neman sabon lasisi alhali kotu ta dakatar da kai laifi ne a kan laifi, kuma lasisin da aka samu ta haka ba shi da wani amfani a idon doka. In na bogi ne kuma an shiga babin jabun takardu, wanda ya fi duk abin da muke tattaunawa nauyi. Hanyar da doka ta buɗe ita ce ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Birnin Tarayya a nemi a rage ko a soke dakatarwar. Akwai wa'adin yin hakan, don haka kada a yi jinkiri. In babu kuɗin lauya, ku je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, aikinsu ke nan tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Sai dai in faɗa maka gaskiya, wata shida kan iya ƙarewa kafin a gama sauraron ƙarar.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ni ban san doka ba, amma na san kasuwa. Motar ai ba a dakatar da ita ba, shi aka dakatar. A yi mata inshora, a nemo direba mai lasisi a tashar da yake lodi, ya riƙa kawo balas kullum. Ko rabin abin da yake samu ne ya shigo, tukunya za ta hau wuta. Shi kuma ya nemi abin yi a tashar, ko rubuta fasinja ko kamasho, shugabannin yuniyon sun san shi ai. Kai ma Abban Khalifa ka tattara 'yan'uwa, kowa ya ɗauki wani abu na haihuwar nan. Ku yi masa wannan yanzu ya fi ku zo kuna haɗa kuɗin beli.

Ummu_Sadiq: Maganar Hajiya ita ce magana. In an amince, a buɗe ɗan asusu a zauren nan, ni zan sa abin da ya sawwaƙa don kayan haihuwa.

Abban_Khalifa: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na je gidansa da daddare na karanta masa abin da kuka rubuta, har na Maman Ilham. Ya yi shiru ya daɗe. Makullin dai yanzu yana hannuna, ban ƙwace ba, shi ya miƙo min. Amma maganar ba wa wani direba ya ƙi. Ya ce ya san yadda ake yi wa motar da ba ta mutum ba, a wata biyu za a kashe masa giya da ƙafafu, ya dawo ya tarar da gangar jiki. Ya ce gara a jingine ta. Ni kuma ina ganin jingine ta ba zai kawo abinci ba, kuma ina tsoron in yunwa ta matsa zai dawo neman makullin.

Ɗan_Zuba: A nan kam ina bayansa. Direban balas ba ya tausayin mota, burinsa ya cika kuɗin yau ya samu nasa a sama. Zai yi ta gudu da lodi fiye da ƙa'ida, in ya yi ɓarna kuma sunan Abban Khalifa ne dai a takarda.

Direban_Jabi: Ba duka ba. Akwai dattawa a tasha da motarsu ta mutu suna zaune, sun fi mai motar iya lallaɓa ta. A bi ta hannun shugaban tasha, a yi rubutu, a sa shaidu biyu, a faɗi wanda ke da alhakin mai da wanda ke da alhakin gyara. Kuma ka karɓi lasisin mutumin ka duba ranar ƙarewarsa da idonka, kada ka yarda da "yana gida". Ƙanin naka ma zai iya zama a gaba yana karɓar kuɗi, idonsa na kan motarsa.

Sarkin_Yaƙin_Karu: Baba in ya zauna a gaba ai kujerar fasinja ɗaya ta tafi, a ƙaramar mota wannan ba ƙaramar asara ba ce a kowane sawu.

Mai_Inshora_Wuse: Abban Khalifa, duk yadda kuka yanke, in motar za ta fita ko da wanki ne, a sabunta takardar tukuna. In ka biya ka bari ta hau na'ura, ka danna lambar nan ka ga sunan kamfanin ya fito kafin ka ba kowa makulli.

Malam_Na_Gwagwa: Ɗalibin_Ilmi, su masu takaful ɗin suna karɓar motar haya, ko ta gida kaɗai? Akwai maƙwabcina mai bas yana Zuba zuwa Gwagwalada, shi ma abin da ya hana shi yi ke nan.